Skyrim: Yadda ake zaɓen kwaskwarimar wasa ba tare da an yi gyaran gangar Auzinawa ba

Ranar 11 ga Nuwamba, 2011 kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna The Elder Scrolls V: Skyrim. A irin wannan kasuwa, wasa kan yi tashe na shekara ɗaya ko biyu, sannan wani ya zo ya ture shi. Skyrim ya ƙi barin fage. A 2023 Todd Howard, wanda ya jagoranci ƙirƙirar wasan, ya bayyana cewa an sayar da sama da kwafi miliyan 60, kuma har gobe dubban mutane ne ke kunna shi a kowace rana.

Ba ƙoƙarin kamfanin kaɗai ya jawo wannan tsawon rai ba. Babban dalili shi ne wasu mutane da ba ma'aikatan Bethesda ba, waɗanda ke zaune a gidajensu suna ƙera wa wasan ƙarin kaya, akasari kyauta. Abin da suke ƙerawa shi ake kira mod, wato kwaskwarimar da ake ɗora wa wasa domin ta gyara masa wani lahani, ko ta sauya kamanninsa, ko ta ƙara masa abin da babu. Akwai mod ɗin da aikinsa bai wuce gyara siffar igiya da sarƙa da ganguna ba. Akwai wanda ke ƙara sabuwar ƙasa sukutum, da garuruwanta da mutanenta. Akwai ma wanda, don raha, ya mayar da dodannin wasan suka koma jirgin ƙasan nan na shirin yara, Thomas. A shafin Nexus Mods na ƙasar Ingila, wanda shi ne babbar kasuwar wannan kaya, na Skyrim kaɗai sun haura dubu ɗari.

Yawan nan shi ne matsalar. Ma'aikacin da ya baro sakatariya da yamma, ya sha cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, abin da ya rage masa na hutu bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. Idan ya zaɓi kwaskwarima da ka, zai ƙarar da wannan lokaci yana neman dalilin da ya sa wasan ke rufe kansa, ga data ta tafi, ga kuma yiwuwar ajiyar wasan da ya yi watanni yana ginawa ta lalace. Akwai abin da ya fi wannan muni, za mu zo kansa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, Skyrim wasa ne na duniyar almara inda mutum ke shiga rigar jarumin da ya ƙera da kansa. Labarin na farawa ne da jarumin a ɗaure cikin keken doki, ana kai shi garin Helgen domin a sare masa kai, sai wani dodo mai fukafukai da aman wuta, Alduin, ya faɗo wa garin. Daga nan ƙasa ta buɗe: yaƙin basasa tsakanin rundunar Daula da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak, birane irin su Whiterun da Solitude da Riften, kogunan dutse, ƙungiyoyin ɓarayi da na matsafa. Mutum na iya shafe sa'o'i ɗari bai taɓa babban labarin ba.

Wane Skyrim ne a hannunka?

Kafin a sauke ko da fayil ɗaya, wannan ita ce tambayar da za a amsa, domin Skyrim ba ɗaya ba ne. Akwai na asali na 2011. Akwai Special Edition da ya fito a Oktoban 2016 bisa sabon ginshiƙi mai iya amfani da ƙwaƙwalwar kwamfuta fiye da na farko, wanda kuma shi ne ya fi jure nauyin kwaskwarima. Mod ɗin da aka ƙera wa na farko ba lallai ya yi aiki a na biyu ba, shi ya sa Nexus ya ware wa kowanne sashensa.

Sai kuma abin da ya faru ranar 11 ga Nuwamba, 2021, lokacin da wasan ya cika shekara goma. Bethesda ya fitar da Anniversary Edition, tare da wata sabuntawa da ta shafi duk mai Special Edition, ta ɗaga lambar wasan daga 1.5.97 zuwa 1.6. Mafi yawan manyan mod na dogara ne da wata manhaja mai suna SKSE, wadda ke faɗaɗa irin umarnin da wasan zai iya karɓa. Ita kuwa SKSE an ɗaure ta da takamaiman lambar wasan, da zarar lambar ta motsa sai ta daina aiki, duk abin da ke tsaye a kanta ya zube. Haka aka wayi gari mutane da yawa sun tarar wasansu ya ƙi buɗewa, sai da masu ƙera mod suka bi kayansu ɗaya bayan ɗaya suna sabuntawa. An sake irin wannan a Disamban 2023. Har yanzu akwai waɗanda suka kafe a kan 1.5.97 sun ƙi matsawa.

Darasin a aikace shi ne, mutum ya san lambar wasansa, ya riƙa dubawa a shafin kowane mod ko ya dace da ita, sannan ya shiga saitin Steam ya sa wasan ya daina sabunta kansa sai lokacin da aka kunna shi ta can, shi kuwa ya riƙa kunnawa ta SKSE.

Masu wasa a na'urar Xbox ko PlayStation lamarinsu ya fi sauƙi, amma ya fi ƙunci. Babu SKSE a can. Lokacin da aka buɗe ƙofar mod a 2016, an ba Xbox One gurbin gigabait 5, PlayStation 4 kuwa gigabait 1 kacal, kuma Sony ya hana shigo da sababbin hotuna ko sautuka daga waje, sai dai a jujjuya abin da ke cikin wasan.

Takardar da ta zo daga baya

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ƙa'idar nan: idan takardun umarni biyu suka yi karo a kan magana ɗaya, wadda ta zo daga baya ita ake bi. Haka injin Skyrim ke aiki. Yana loda fayilolin mod ne a jere, kuma idan biyu suka taɓa abu ɗaya, a ce wani maƙeri a Whiterun, na ƙarshe a jerin shi ke yin nasara a kan wannan bayani gaba ɗayansa. Idan mod na farko ya sauya fuskar maƙerin, na biyu kuma ya sauya kayan da yake sayarwa, injin ba zai haɗa gyaran biyu ba. Zai ɗauki na biyu ya watsar da na farko. Daga nan ne ake samun sanannen lahanin nan da fuskar mutum kan yi duhu, launinta ya saɓa da na jikinsa, domin bayanin da ke cikin fayil ya saɓa da hoton fuskar da aka tanada.

Maganin wannan shi ne ƙananan fayilolin sulhu da ake kira faci, waɗanda ke ɗauko gyaran kowane ɓangare su haɗa wuri ɗaya. Mai ƙera mod na kirki yakan jera a shafinsa waɗanda kayansa ke karo da su da kuma facin da ake buƙata. Karanta wannan bayani, daga farko har ƙarshe, shi ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci a duk wannan harka, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Akwai iyaka kuma. Wasan ba ya ɗaukar cikakkun fayiloli fiye da 254 a lokaci ɗaya, ciki har da na kamfanin kansa. Special Edition ya zo da wani nau'in fayil mara nauyi, ESL, wanda za a iya loda har 4,096, shi ya sa ake jin masu jerin mod dubu ɗaya ko fiye. Wannan ba gasa ba ce da ya kamata sabon shiga ya sa kansa a ciki.

Ba a zuba mod da hannu cikin jakar wasan. Ana amfani da manhajar kula da su, kuma biyu ne suka yi fice. Vortex ta Nexus ce, ta fi sauƙi ga mai farawa domin tana yanke wasu hukunce-hukuncen da kanta. Mod Organizer 2 ta fi wuyar koyo, amma tana da wata fa'ida da ta sa na fi karkata gare ta: ba ta taɓa ainihin jakar wasan ko kaɗan. Kowane mod na zaune a nasa ɗaki, sai lokacin kunna wasa take haɗa su na wucin gadi. Idan abu ya ɓaci, cire alama ɗaya ya isa a koma yadda ake. Abin sha'awa, mutumin da ya fara ƙera Mod Organizer, wanda aka sani da laƙabin Tannin, shi Nexus ya ɗauka aiki a 2016 ya ƙera Vortex. Tare da kowacce ana amfani da LOOT, wata manhaja da ke tsara jerin lodi bisa ƙa'idojin da masu wasan suka tattara, tana kuma gargaɗi idan wani abin da ake buƙata ya ɓace.

Tushe kafin ado

Bethesda ya yi suna wajen fitar da wasanni masu faɗi da kuma kurakurai masu yawa. Saboda haka abin da aka saba farawa da shi shi ne Unofficial Skyrim Special Edition Patch, wanda wata tawaga ƙarƙashin mai laƙabin Arthmoor ke kula da shi, yana gyara dubban kurakurai, daga aikin da ke maƙalewa a tsakiya zuwa makamin da aka ba lissafin da ba daidai ba. Bai tsira daga suka ba. An daɗe ana muhawara a kan yadda ya mayar da ma'adini mai daraja na ramin Redbelly ya koma tama, bisa hujjar cewa mutanen garin na kiran wurin ramin ƙarfe. Masu suka na ganin wannan ya wuce gyaran kuskure, ya zama sauya wasa bisa ra'ayin mai gyara. Suna da hujja. Duk da haka mod da yawa ba sa aiki sai da shi, don haka guje masa ya fi saka shi wahala.

Na biyu shi ne SkyUI. An tsara jerin kayan jarumi a wasan ne don mai riƙe da abin sarrafa na'ura a gaban talabijin, shi ya sa yake da wahala ga mai linzamin kwamfuta. SkyUI ya mayar da shi tebur mai ginshiƙai, ana iya jera kaya bisa nauyi ko daraja, ya kuma kawo wurin da sauran mod ke ajiye saitinsu. Akwai kuma SSE Display Tweaks ga mai allo mai sauri, domin lissafin motsin abubuwa a Skyrim na rikicewa idan hoto ya wuce sittin a daƙiƙa: kwanuka su riƙa tashi sama, keken dokin Helgen ya riƙa wuntsilawa tun kafin a isa gari.

Sai bayan waɗannan ake maganar ado, kuma a nan ne mutane suka fi ɗebo ruwan dafa kansu. Hotunan da ake gani a YouTube na dazuzzuka masu sheƙi da ruwa kamar na gaske, an ɗauke su ne a kwamfutoci masu katin hoto mai tsada. Kowace shimfiɗar hoto mai girman 4K tana cin gurbi ninki huɗu na mai girman 2K a ƙwaƙwalwar katin, alhali a allon kwamfutar tafi-da-gidanka da wuya ido ya bambance su. Da ƙwaƙwalwar ta cika sai wasa ya fara sarƙewa. Haka ENB, manhajar haske da inuwa ta Boris Vorontsov, tana ƙawata wasa ƙwarai amma tana da nauyi. Community Shaders, wadda ta zo daga baya, ta fi sauƙi a kan na'ura.

Ga kuma lissafin aljihu. Wasan kansa yana neman gurbin kusan gigabait 12. Manyan jerin mod da ake saukewa a dunƙule ta manhajar Wabbajack kan kai ɗaruruwan gigabait. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Nexus kuma na taƙaita saurin saukewa ga wanda bai biya kuɗin rajista ta musamman ba, kuma sai ya danna kowane fayil da hannunsa. Amfanin irin waɗannan jerin shi ne wani ya riga ya sha wahalar sulhunta su. Illarsu ita ce ɗanɗanonsa za ka ci, kuma ƙara musu wani abu daga baya na iya rusa ginin.

Taura biyu ba ta taunuwa

Kwaskwarimar da ke sauya yadda ake wasan ita ce ta fi daɗi, ita ce kuma ta fi buƙatar mutum ya san abin da yake so. Ordinator na EnaiSiaion ya sake fasalin baiwar da jarumi ke samu yayin da yake girma, ya ba shi hanyoyi ɗaruruwa. Requiem ya mayar da duniyar mai tsanani, inda sabon jarumi da ya kutsa kogon da ya fi ƙarfinsa zai mutu nan take. Frostfall na Chesko ya sa sanyi ya zama abokin gaba, wanda ya faɗa kogin ƙanƙara sai ya nemi wuta. Kowanne na da kyau a karan kansa. Amma Ordinator da Requiem duk suna sake rubuta abu ɗaya ne, haɗa su kuwa neman rigima ne. Ƙa'idar ita ce ɗaya a kowane fanni: ɗaya na baiwa, ɗaya na yanayi, ɗaya na haske, ɗaya na faɗa.

A ganina mai ƙarancin lokaci ya fi cin riba da mod na labari a kan na wahalarwa. Inigo, abokin tafiya mai siffar kyanwa shuɗiya, yana da dubban kalamai da aka naɗa da murya, yana tsokaci a kan wuraren da aka shiga. Legacy of the Dragonborn ya gina gidan tarihi a Solitude inda ake jera kayan da aka samo, sai dai yana taɓa wurare da yawa, don haka yana jan faci masu yawa. Wanda kuma ya gaji da kallon keken dokin Helgen yana da Alternate Start, mai ba shi damar farawa a matsayin mafarauci ko wanda jirginsa ya nitse. Amma wanda bai taɓa yin wasan ba, ya fara da shi yadda yake, da gyaran kurakurai kawai. Wanda bai san miya ba ba zai san abin da ta rasa ba.

Ajiyar wasa ba ta mantuwa

Wannan ne wurin da asara ta fi ciwo. Skyrim na gudanar da al'amuransa da wani harshen umarni mai suna Papyrus, kuma bayanan umarnin da mod ya kunna suna shiga cikin fayil ɗin ajiyar wasa su zauna. Idan aka cire mod ɗin a tsakiyar tafiya, ragowarsa na nan a ajiyar, tana kiran abin da babu shi. Wani lokaci ba a ganin komai nan take. Sai bayan sa'o'i ashirin ko talatin wasa ya fara rufe kansa a wata ƙofa, ko ajiyar ta ƙi buɗewa, a lokacin kuwa mutum ya manta abin da ya cire. Akwai manhajojin share irin wannan ragowa, amma ba su da tabbas.

Shi ya sa gogaggu ke saka mod kaɗan-kaɗan, biyar ko goma, su gwada da jarumin gwaji, su zaga manyan birane, sannan su ƙara. Idan jerin ya zauna sai su fara wasa na gaske, su kuma kulle shi. Hotuna da sautuka ana iya sauya su a kowane lokaci, masu umarni ne ba a taɓawa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, akwai ƙarin dalilin yin sabuwar ajiya lokaci-lokaci maimakon dannawa a kan guda ɗaya, domin idan kwamfutar tebur ta mutu ana tsakiyar rubuta fayil, wannan fayil ya tafi.

Kwamfutar ofis da idon yara

Mod da yawa, musamman masu dogaro da SKSE, manhajoji ne na gaske masu iya yin duk abin da mai kwamfutar zai iya yi a cikinta. A Yunin 2023 aka gano wata manhajar ɓarna da aka laƙaba wa suna fractureiser a cikin wasu mod na wasan Minecraft a shafin CurseForge, bayan an kutsa asusun wasu masu ƙera su. An tsara ta ne don satar kalmomin sirri da bayanan shiga da ke ajiye a manhajar lilo. Shafi ne sananne, ba lungu ba. Hadimin da ke ɗauke da wasiƙun maigidansa, ko jami'in da ke shiga tsarin albashi na IPPIS ko na biyan kuɗi na GIFMIS, bai kamata ya ɗora irin wannan kaya a kwamfutar da yake aiki da ita ba, ko da tasa ce ta kansa. Wasan da aka sauke na sata kuwa, wanda aka fasa kariyarsa, ya fi kowanne haɗari, kuma yawanci lambarsa ba ta dacewa da SKSE.

Iyaye kuma su sani cewa an ware Skyrim ga manya ne tun asali, 17 zuwa sama a ma'aunin Amurka, 18 a na Turai. A Nexus akwai mod na tsiraici da yawa. Shafin na ɓoye su sai mai asusu ya buɗe da kansa, amma wasu kayan sutura da na gyaran jiki na dogara da su, kuma wasu jerin Wabbajack na ɗauke da su. Ana rubuta hakan a bayanin jerin, ga wanda ya karanta.

Wa ke biyan masu wannan aiki?

A Afrilun 2015 kamfanin Valve, mai Steam, da Bethesda sun gwada sayar da mod. Mai ƙerawa zai karɓi kashi 25 cikin ɗari, kamfanonin biyu su raba sauran. Nan da nan aka janye wani mod na kamun kifi domin ya dogara da aikin wani da bai ba da izini ba, wanda ya nuna yadda kayan ke sarƙe da juna. Masu wasa suka yi ca, cikin ƙasa da mako ɗaya aka soke tsarin aka mayar wa mutane kuɗinsu. Kamfanin bai haƙura ba: ya dawo da Creation Club a 2017, sannan Creations a Disamban 2023, inda waɗanda aka tantance ke sayar da kayansu. Kafin mutum ya kashe dala a can, ya duba, sau da yawa akwai makamancinsa kyauta.

Wasu sun samu sakamakonsu ta wata hanya. Alexander Velicky yana ɗan shekara 19 ya fitar da Falskaar a 2013, sabon tsibiri mai labarinsa da muryoyinsa, da niyyar nuna gwanintarsa ga masu ɗaukar aiki, kuma kamfanin Bungie ya ɗauke shi a shekarar. Nick Pearce, lauya ne a Ostareliya, ya fitar da The Forgotten City a 2015, labarin wani birni a ƙarƙashin ƙasa inda laifin mutum ɗaya ke jawo halakar kowa. Rubutun ya ci kyautar ƙungiyar marubutan Ostareliya a 2016, Pearce ya bar aikin lauya, ya mayar da shi cikakken wasa da ya fito a 2021.

Ga wanda duk wannan bayani na jeri da faci ya yi wa yawa, akwai Enderal na tawagar SureAI ta Jamus. Sabon wasa ne gaba ɗaya da aka gina a kan injin Skyrim, da ƙasarsa da labarinsa da tsarin girmansa daban. Yana kan Steam tun Fabrairun 2019, kyauta ga duk wanda ya mallaki Skyrim, yana sauka a jakarsa ta daban, kuma ba ya buƙatar a tsara masa komai kafin a fara.